Yaya zan zaɓi fim ɗin da za mu kalla a gida, kuma mene ne hukuncin kewar tsofaffin finafinai?

Tambaya:

Ni mutumin Masama ne ta ƙaramar hukumar Gwandu, ina aiki a Kalgo. Mun taso muna kallon finafinan Hausa da na Indiya a ɗakin mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, tun zamanin kaset. Yanzu na yi iyali, kuma na fara neman ilimi. Idan yara ko mai ɗakina suka ce a sa musu fim sai in rasa wanda zan zaɓa. Sannan akwai tsofaffin finafinan da duk na ji sautinsu sai in tuna mahaifina da 'yan'uwana, har in ji ina son in sake kallonsu, alhali na san akwai waƙa da rawa a ciki. Shin ina da laifi a kan wannan kewar? Kuma da wane ma'auni zan zaɓi abin da za mu kalla?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya kyautata namu ƙarshen. Tambayar taka ta haɗa abu biyu da mutane suke yawan cakuɗawa, wato abin da ido zai kalla yau, da abin da zuciya ta ajiye tun shekarun baya. Hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Ka sani, ɗan'uwa, babu fim a zamanin magabata, don haka ba za ka samu nassin da ya ambace shi da sunansa ba, kuma malaman wannan zamani sun yi saɓani a kansa. Akwai waɗanda suka hana wasan kwaikwayo tun daga tushe, irin su Shaikh Bakr Abu Zaid, wanda ya rubuta ɗan littafi a kan mas'alar, da Shaikh Albani. Hujjarsu ita ce ɗan wasa yana faɗin abin da ba haka yake ba, yana kiran matar da ba tasa ba matarsa, yana kukan ƙarya da rantsuwar ƙarya, ga kuma hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito mai narko ga wanda yake ƙarya don ya ba mutane dariya. Wasu kuma, cikinsu har da Shaikh Ibn Usaimin, sun halatta kwaikwayo bisa sharuɗɗa, domin mai kallo ya san misali ake buga masa, ba a yaudare shi ba. Shaikh Yusuf Alƙardawi a littafinsa Alhalal wal Haram, wanda ya fito a 1960, ya ɗauki silima a matsayin kayan aiki da za a iya amfani da shi a alheri ko a sharri, sannan ya gindaya mata sharuɗɗa.

Abin da ya fi rinjaye a wurinmu shi ne hukuncin fim yana bin abin da ke cikinsa, da abin da yake jawo maka, da abin da yake hana ka yi. Asalin kallon wasa ba haramun ba ne. Ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa wasu mutanen Habasha sun yi wasa da masu a cikin masallaci, Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya tsaya yana kare Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, da mayafinsa tana kallo, bai gusa ba har sai da ita da kanta ta gaji. Sai dai kada wannan ya ruɗe ka. Sharuɗɗan da masu halattawa suka gindaya, finafinan da suke cika su a kasuwarmu ta yau kaɗan ne ƙwarai. Wanda ya bar kallo gaba ɗaya ya kuɓutar da addininsa kuma ba a zarginsa da tsanani. Wanda yake kallo yana tacewa shi ma ba a fassiƙantar da shi. Aikin tacewar ne yake da wuya, kuma shi ka tambaya.

Yana da kyau ka fahimci dalilin da ya sa dattawanmu suke ƙyamar abin, domin ba haka kawai suka tashi da ita ba. Kallon farko da mutanen karkara suka sani shi ne majigi, motar gwamnati da take zuwa gari a kafa farin ƙyalle a fili a nuna finafinan noma da tsafta, irin su Baban Larai. Silima kuwa a birni take, an buɗe Rex a Kano a 1937, kuma tun farko an san ta da duhu da cakuɗuwar maza da matan banza da shan taba. A 1951 gidan silima na El Duniya a Kano ya kama da wuta, mutum fiye da 300 suka rasu, mutane da yawa suka ɗauki abin a matsayin ishara. Matar aure ta mutunci ba ta zuwa silima. Abin da ya sauya komai shi ne kaset ɗin bidiyo, wanda ya ɗauko fim daga can ya shigo da shi tsakar gida. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, kafin shekara goma kuma Sangaya da Wasila sun shiga kowane lungu, har garuruwa irin su Masama da Kambaza da Dalijan, inda janareto ɗaya da talabijin ɗaya suke tara unguwa guda. Yau ko janareton ba a buƙata, waya ta wadatar. Ka ga ke nan illar wurin kallo, wadda ita ce ta fi damun mutanen da, ta ragu, sai illar abin kallon ta ƙaru, tunda babu ƙofar da zai ƙwanƙwasa kafin ya shigo.

Idan za ka zaɓa, ka fara da aƙida kafin ka zo kan sutura da waƙa, domin mutane da yawa suna juya tsarin. Za ka ga uba yana saurin wuce wurin rawa, amma ya bar yara suna kallon jarumi yana sujada ga gunki yana roƙo, kuma a ƙarshen fim roƙon ya karɓu. Finafinan Indiya, waɗanda 'yan kasuwa Lebanawa suka riƙa shigo da su Arewa tun wajen shekarun 1950, sun shiga zuciyar Bahaushe ne saboda sun yi kama da rayuwarsa: kunya, biyayyar iyaye, auren dole, talaka da mai kuɗi. Mother India na 1957 labari ne na matar da mai ba da bashi da ruwa ya cinye gonarta da ƙuruciyarta, kuma duk manomin da ya taɓa cin bashin taki ya biya da buhunan shinkafa zai gane zafin labarin. Amma waɗannan finafinan daga cikin addinin masu su suka fito. Karan Arjun na 1995, wanda samarin wancan lokaci suka haddace, ginshiƙin labarinsa shi ne uwa ta roƙi abar bautarsu Kali ta dawo mata da 'ya'yanta biyu da aka kashe, aka kuma sake haihuwarsu a wasu gidaje. Idan ka cire wannan babu sauran labari, saboda haka ba fim ne da ake gyara shi da wuce wani wuri ba. Fassarar Indiya-Hausa ta ƙara wa abin wani haɗari. Da can yaro yana ganin bautar amma ba ya jin me ake cewa. Yanzu sau da yawa za ka ji mai fassara ya sa wa mutumin da ke durƙushe gaban gunki kalmar Allah a baki, ko ya sa shi yana cewa wallahi, yaro ɗan shekara bakwai kuma ba shi da abin da zai rarrabe da shi. Aya ta 140 a Suratun Nisa'i ta hana mumini zama a inda ake kafirce wa ayoyin Allah ana yi musu izgili har sai an sauya magana, kuma malamai suna kafa hujja da ita a kan irin wannan zaman.

Haka za ka auna finafinan Hausa masu boka. Nuna boka a labari ba shi ne matsalar ba, Alƙur'ani ma ya ba da labarin matsafan Fir'auna. Abin dubawa shi ne yadda aka nuna shi. Idan an shafe awa biyu aikin boka yana ci, kishiya tana haukacewa, miji yana zama rakumi da akala, sannan a minti biyar na ƙarshe aka kawo malami ya yi addu'a, to abin da ya zauna a zuciyar mai kallo shi ne boka yana aiki. Matar da take cikin ƙuncin kishi ba wa'azin ƙarshen za ta riƙe ba.

Sai waɗanda ake kira finafinan Musulunci, kuma a nan ne masu son addini suka fi faɗawa, saboda sun saki jiki. Fim ɗin Arrisala na Mustafa Akkad, wanda ya fito a 1976, bai nuna Annabi sallallahu alaihi wa sallam ba, bai sa muryarsa ba, bai nuna halifofi huɗu ba, amma ya nuna Hamza da Bilal da wasu sahabbai, kuma duk da haka Rabiɗa ta Makka ba ta amince da shi ba. Shiri mai dogon zango na tarihin Sayyidina Umar da tashar MBC ta nuna a azumin 2012 ya nuna halifofin huɗu da fuskokin 'yan wasa, wasu malamai suka duba shi suka amince, Azhar da Muftin Saudiyya suka yi inkari. Na Annabi Yusuf alaihis salam da aka yi a Iran a 2008, wanda fassararsa ta Hausa take yawo a wayoyi, ya sa mutane sun fito a matsayin Annabi Yusuf da Annabi Yaƙub. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta yanke cewa kwaikwayon annabawa da sahabbai bai halatta ba, ta kuma sake jaddada hakan a 2010. A kan annabawa muna ba ka shawara ka rufe ƙofar baki ɗaya. Ka tambayi duk wanda ya kalli wancan fim ɗin, idan liman ya karanta Suratu Yusuf a tarawihi fuskar wa take zuwa masa? Wannan fuskar ta wani ɗan wasa ce da ba ka san halinsa ba, kuma da wuya ta fita. Ga shi marubutan irin waɗannan finafinai dole su cike guraben labari da maganganun da babu su a Alƙur'ani ko hadisi, sai yaro ya tashi yana ba da su a matsayin tarihi. Finafinan tarihi da ba su taɓa annabawa da sahabbai ba, kamar na Umar Mukhtar da ya yaƙi Italiya a Libiya, al'amarinsu ya fi sauƙi, in dai ka gaya wa yara cewa ƙirƙira ta gauraya da gaskiya a ciki.

Game da ido, ayoyi na 30 da 31 a Suratun Nur sun umarci muminai maza da mata su runtse daga ganinsu, kuma umarnin bai faɗi ba don abin da ake kallon yana bayan gilashi. Muslim ya ruwaito cewa Jarir ɗan Abdullahi ya yi tambaya a kan kallon ba-zata, aka umarce shi ya kawar da idonsa. Wanda ya sayi data ya zauna ya danna da hannunsa ba zai kira nasa ba-zata ba. Ke ma 'yar'uwa, ayar da ke take magana. Idan kin lura bayan kallo kina auna mijinki da jarumin fim, ɗakinki da falon da aka ara aka yi ɗauka a ciki, to fim ɗin ya ci miki wani abu ko da babu tsiraici a cikinsa.

Waƙa da kiɗa kuwa, mafi yawan malamai, har da mazhabobi huɗu, suna kan hana kayan kiɗa in ban da duffi a biki, Ibn Hazmin da wasu suka saɓa musu. Kai da kake ƙasar Gwandu, saɓanin ba baƙo ba ne a wurinku. Masu nazarin littattafan jagororin jihadi sun ambata cewa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829 kuma hubbarensa yake nan Gwandu, ya fi tsanantawa a kan kiɗa a cikin Diya'us Sulɗan, Shehu Usmanu kuma a Najmul Ikhwan ya ja kunnen almajirai kada su yi gaggawar inkari a kan abin da malamai suka yi saɓani. Amma ka lura, saɓaninsu a kan ganga da tambari ne da makamantansu. Mace baliga ta yi ado ta yi rawa da namijin da ba muharraminta ba, ana ɗauka ana sayarwa, wannan babu malamin da ya halatta shi, a Gwandu ko a wani wuri. Kada wani ya ɗauko maka saɓanin kiɗa ya lulluɓe wannan da shi.

Akwai hukumomin tacewa, ta tarayya da aka kafa a 1993 wadda take sa wa finafinai alamar shekaru kamar 12 da 15 da 18, da ta Jihar Kano da aka kafa a 2001 bayan dawo da shari'a. Alamarsu tana taimakawa, amma ma'auninsu ba naka ba ne, kuma mafi yawan abin da ke shigowa ta YouTube da TikTok da shagunan masu tura finafinai bai bi ta hannun kowa ba.

Sai lokaci, wanda shi ne ɓarnar da ba a gani. Fim na da awa biyu ne ko uku ya ƙare. Masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina da Izzar So an gina su ne a kan kada ka iya tsayawa, kowane kashi yana yankewa a inda zuciya take rataye. Ertugrul na Turkiyya, wanda mutane suke yabo saboda sallah da zikirin da ke ciki, kashi 150 ne a asalinsa, kowanne wajen awa biyu, jimla kusan awa 300. Mai karatu tsaka-tsaki yana gama izu biyu a ƙasa da awa ɗaya, ka ga wannan lokacin ya isa saukar Alƙur'ani wajen goma. Ba muna cewa duk awar da ba ka yi karatu ba ka yi zunubi, domin Muslim ya ruwaito cewa Hanzala ya zargi kansa da munafunci saboda yana shagala da iyali da dukiya bayan ya bar majalisin Annabi sallallahu alaihi wa sallam, aka kwantar masa da hankali cewa kowane abu da lokacinsa. Muna so ne ka san farashin kafin ka fara kashi na ɗaya. Ma'auni mafi sauƙi shi ne sallar asuba: duk kallon da ya sa ka makara, ko ya sa mai ɗakinka ta haɗa magariba da isha'i, ya haramta a gare ku ko da tarihin Badar ake nunawa.

Yanzu mu zo kan kewa, wadda muke jin ita ta fi damunka.

Ba ka da laifi a kan abin da ya faɗo maka a zuciya. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Allah Ya yafe wa wannan al'umma abin da zukatansu suka raya musu matuƙar ba su aikata ko sun furta ba. Kuma sauti ya tayar wa mutum da wanda ya rasa, wannan ɗabi'a ce da mafificin halitta ma bai fita daga cikinta ba. Ya tabbata cewa Halatu 'yar Khuwailid, 'yar'uwar Nana Khadija, ta nemi izinin shiga wurin Annabi sallallahu alaihi wa sallam bayan rasuwar Khadija, da ya ji irin sallamarta sai ya tuna Khadija, abin ya motsa shi har Nana A'isha ta ji kishi. Ita ma Nana A'isha, labarin kallon mutanen Habasha da muka ambata, bayan shekaru ta riƙa ba da shi, tana tuna kumatunta kusa da nasa, tana kuma jan hankalin masu sauraro su yi la'akari da halin yarinya mai son wasa. Da ka karanta ruwayar za ka ga ba masun Habashawa ne suka zauna mata a rai ba, wanda ya tsaya dominta ne.

Kai ma ka binciki taka kewar da kyau. Mafi yawan lokaci abin da mutum yake nema a tsohon fim shi ne ɗakin da aka kalle shi, da dariyar mahaifi lokacin da Ibro ya yi wata wauta, da ƙanin da ake aika ya ƙaro fetur, da daren sallah da aka bar yara suka kai sha biyu. Wanda ya girme ka zai ce maka nasa Samanja ne, ko Idon Matambayi na talabijin ɗin Sakkwato, tun Kebbi ba ta zama jiha ba a 1991. Fim ɗin ƙugiya ce kawai da aka rataye waɗannan abubuwa a jikinta. Shi ya sa da yawa idan suka nemo shi suka sake kallo sai su ji wani iri: hoton ya dushe, labarin bai kai yadda suke zato ba, ga wuraren da suka manta da su sam, waɗanda yanzu ba za su so 'yarsu ta gani ba. Zuciya ta riga ta yi nata tacewar, ta ajiye mai daɗi ta zubar da saura, kai kuma kana shirin dawo da abin da ta zubar.

Hirar abin da ya wuce halal ce. Muslim ya ruwaito daga Jabir ɗan Samura cewa sahabbai sukan zauna bayan asuba suna tuna al'amuran jahiliyya suna dariya, Annabi sallallahu alaihi wa sallam yana murmushi. Idan kun haɗu da 'yan'uwanka a Masama ranar sallah kuna tuna yadda tsoho yake kwaikwayon Samanja, ku yi dariyarku, ku ƙare da yi masa addu'a. Idan tsohon fim ɗin mai tsabta ne, ko kuma abin ƙin da ke cikinsa kaɗan ne da za a iya wucewa ba tare da an kalla ba, babu laifi ka sake kallonsa. Idan kuwa waƙa da rawar su ne fim ɗin, kamar yadda da yawa daga na shekarun 2000 suke, to tunawa da mahaifi ba ta halatta abin da yake haramun, kuma shi kansa a inda yake yanzu ba wannan yake buƙata daga gare ka ba. Abin da yake isa gare shi addu'a ce da sadaka da biyan bashinsa. Muslim ya ruwaito daga Ibn Umar cewa yana daga mafi girman biyayya mutum ya sadar da zumuncin abokan mahaifinsa bayan rasuwarsa. Cikin dattawan da suke zama a wancan ɗakin ana kallo, wataƙila akwai wanda yake raye. Ka je ka gaishe shi da ɗan goro, za ka ji labaran mahaifinka da babu su a kowane kaset.

Akwai wata irin tunawa da take buƙatar taka-tsantsan, ita ce wadda take haɗe da saɓo: fim ɗin da aka kalla da wadda ba ta halatta ba, ko daren da aka tsallake katanga aka bar sallah. Faɗowarta a rai ba laifi ba ne, amma zama a jiƙa ta ana jin daɗinta yana cin karo da nadama, nadama kuwa ita ce ginshiƙin tuba. Kuma kada ka ba da labarinta. Hadisin Bukhari da Muslim ya nuna cewa ana yafe wa al'umma in ban da masu bayyanawa, waɗanda Allah Ya rufa musu asiri da dare su wayi gari suna tonawa. Wannan ya shafi abin da ake yi a Facebook, inda za a ɗora waƙar wani tsohon fim a ce kowa ya faɗi abin da ta tuna masa.

Sannan ka tuna mutanen da ke cikin waɗannan finafinai Musulmi ne masu haƙƙi a kanka. Ahmad S. Nuhu ya rasu a haɗarin mota a farkon 2007, Rabilu Musa Ibro ya rasu a Disambar 2014, wasu da yawa sun bi su. Hadisin Bukhari ya hana zagin matattu domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar, don haka ka roƙa musu gafara. Da yawa daga matan da suka yi rawa a wancan lokaci yau matan aure ne masu 'ya'ya manya, wasu sun tuba suna fatan a manta. Duk lokacin da ka tura tsohuwar waƙarsu a wani zaure na WhatsApp saboda kewa, ka sake buɗe abin da suke son a rufe, kuma idan akwai zunubi a cikin kallon ka ɗauki kasonka na duk wanda ya kalla ta hanyarka.

A aikace, kada ka sa wa iyali abin da ba ka fara gani ba, ko wani da ka amince da addininsa da hankalinsa bai gani ba. Tallan fim na minti biyu yakan nuna maka inda aka dosa, domin mai talla abin da yake ganin zai ja mutane shi yake sawa a gaba. Ku yi kallo tare a allo ɗaya a fili, hakan ya fi kowa ya shige ɗaki da wayarsa da abin kunne, kuma yana ba ka damar tsayar da fim ka tambayi yaro, wannan da ya yi daidai ne? Idan ka hana, ka kawo madadi. Matar da take wuni a gida, ka hana ta kallo sannan kai ka tafi gidan kallon ƙwallo har sha ɗaya na dare, ba ka yi adalci ba, kuma za ta kalla a bayan idonka. Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya zauna ya saurari Nana A'isha tana ba shi dogon labarin mata goma sha ɗaya da mazajensu, wanda aka sani da hadisin Ummu Zar'in, har ƙarshe, ya kuma ba ta amsa mai daɗi. Gidan da ake irin wannan hirar buƙatarsa ga fim tana raguwa da kanta.

Kada ka ba yaro waya ko memori ka ce ya kai shago a cika masa. Mai turi yawanci abin da ke tashe yake zubawa, kuma a babban fayil ɗaya ake samun wa'azi da fim da abin da ba ya faɗuwa. Ka je da kanka, ka faɗi sunan abin da kake so, ka duba kafin ka bar wurin. A nan akwai kuma haƙƙin masu fim ɗin, domin Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tabbatar a zamanta na Kuwait a 1988 cewa haƙƙin mallakar fasaha haƙƙi ne da shari'a take karewa. Idan masu fim sun ɗora shi da kansu a tasharsu ta YouTube, ko sun ba masu turi izini, ka kalla ta nan. Idan ka san satarsa aka yi, ka bar shi, ko da ya cika duk sauran sharuɗɗan.

Allah ne Mafi sani.